Tsohuwar kyanwata ta kasa bahaya, maigidana ya ce tsufa ne kawai

Assalamu alaikum Anti. Ina da kyanwa mai shekara 14, tun tana 'yar ƙarama take hannuna, tun kafin in yi aure. Wata uku da suka wuce ta daina bahaya, sai ta shiga tiren yashinta ta yi ta yunƙuri tana kuka, babu abin da ke fita. Na kai ta wurin likitan dabbobi, aka ɗura mata ruwa ta dubura aka fitar da kashin, ta warware. Yanzu abin ya dawo. Yau kwana uku ke nan ba ta yi ba, sai wasu 'yan ƙanana busassu masu tauri da na tsinta a bayan kujera, jiya kuma ta yi amai bayan ta gama yunƙuri. Abinci ma sai ta shinshina ta wuce. Busasshen abincin kuliyoyi take ci tun da can. Na lura ta rame, ta daina hawa kan taga, fitsarinta kuma ya ƙaru. Maigidana ya ce tsufa ne, in daina kashe kuɗi a kan mage, in ɗura mata mai kawai. Yayata ta ce in ba ta madara ko maganin wanke ciki na mutane. Ni kuma ina ganin kamar sakacina ne, ga kunyar a ce na damu da kyanwa haka. Me zan yi?

Wata mai karatu

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Maganar maigida da ta Yaya za ta iya jira, amma ta kyanwar ba za ta jira ba, don haka da ita zan fara. Kyanwa mai lafiya takan yi bahaya sau ɗaya a rana, wata ta ɗan tsallake zuwa yini ɗaya da rabi. Taki ta kwana uku, ga amai, ga ƙin abinci, ga shekaru. Abin ya wuce a zauna gida ana gwada dabaru. Ki mayar da ita wurin likitan dabbobi yau, in dare ya yi miki to gobe da sassafe. Kashin da ya zauna a hanji ƙara bushewa yake yi, wanda yau ɗan ruwan ɗumi zai iya sassauta shi, nan da kwana biyu sai an sa ta barci an zaƙulo shi da hannu, kuma babu likitan da ke son ya riƙa sa tsohuwar kyanwa barci in da wata hanya. Ƙin abincin ma kada ki raina shi. Kyanwa in ta jera kwanaki ba ta ci ba, kitse kan taru mata a hanta, kuma wannan ciwon ya fi taurin bayan gidan wuyar jinya nesa ba kusa ba.

Kafin ki fita, ki leƙa tiren ki tabbatar yau ma ta yi fitsari. A idon mai kallo, yunƙurin kashi da na fitsari duk ɗaya ne. Tunda taki mace ce, kuma kin ce fitsarin ƙaruwa ma ya yi, ban cika zargin toshewar mafitsara ba. Na kawo maganar ne saboda masu muzuru da ke karanta mu. Hanyar fitsarin muzuru siririya ce, tana toshewa, kuma wanda ya toshe in ba a buɗe shi ba yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Duk mai muzurun da ya gan shi yana safa da marwa a tire babu ko ɗigon fitsari, kada ya kwana da shi a gida da sunan ciki ne ya ɗaure.

Batun sakaci kuwa, ki sauke shi daga ranki. Kin san ranar da ta yi bahaya na ƙarshe, kin lura ta daina hawa taga, kin lura fitsari ya ƙaru. Da yawa daga masu kuliyoyi sai likita ya tambaye su waɗannan abubuwa su yi shiru. A ƙiyasin da likitocin dabbobi ke amfani da shi, kyanwa mai shekara 14 tana daidai da mutum mai shekara 72, kuma kyanwar da ba a kula da ita da wuya ta kai nan. Ga shi kuma kuliyoyi gwanaye ne wajen ɓoye ciwo, sai abu ya ci ƙarfinsu suke nunawa. Kunyar ma ban ga gurbinta ba. Wanda ya ɗauki dabba ya ajiye, ci da shanta da jinyarta sun hau wuyansa, kuma an faɗa mana akwai lada a kyautata wa duk wani mai rai. Wanda zai yi miki dariya ba shi ke jin kukanta a tire ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, taurin bayan gida a tsohuwar kyanwa yawanci ɗan aike ne, akwai wanda ya aiko shi. Wancan karon an fitar da kashin, an yi daidai, amma daga yadda kika ba da labari ban ji an nemi abin da ya kawo shi ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba, shi ya sa ya dawo. Kuma a wasiƙarki kin ba ni alamu biyu da suka fi taurin kashin ɗaukar hankalina.

Ta farko ita ce yawan fitsari da rama. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga ragowar abinci kafin ta fita. In jiki yana ƙarancin ruwa, hanjin sai ya ƙara ƙaimi, ya tsotse har kashin ya bushe ƙarau. To me ke kwashe ruwan jikin tsohuwar kyanwa? Mafi yawan lokuta ƙoda ce. Ciwon ƙoda mai tafiya a hankali yana cikin cututtukan da suka fi addabar tsofaffin kuliyoyi. Ƙodar da ta gaji ba ta iya riƙe ruwa, sai ta sake shi ta fitsari, kyanwar ta yi ta sha amma shan ba ya cike gurbin abin da ya fita. Irin wannan ƙodar kan zubar da sinadarin fotasiyam ma, shi kuwa in ya yi ƙasa tsokoki sukan yi rauni, har da tsokar hanjin da ke tura kashi waje. Ciwon sukari da yawan aikin tayirod, wata 'yar halitta da ke wuya, su ma suna kawo rama da yawan fitsari. Daga wasiƙa ba a rarrabe su, amma gwajin jini da na fitsari suna rarrabewa, kuma kowannensu akwai abin da ake yi masa. Ki haɗa wannan da abincin da take ci. Busasshen abincin kuliyoyi ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, na gwangwani kuwa yakan kai 75 zuwa 80. Asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ta busassun ƙasashe take, wadda ke samun yawancin ruwanta daga naman abin da ta kama, shi ya sa har yau ƙishirwa ba ta cika tura kyanwa bakin kwano ba. Tana da ƙuruciya jikinta ya iya jure busasshen abincin. Yanzu ƙila ba ya iyawa.

Ta biyu ita ce tagar da ta daina hawa, da kashin da kika tsinta a bayan kujera. Wannan ya yi mini kama da ciwon gaɓoɓi. Binciken da aka yi da hoton ƙashi ya nuna kusan 90 cikin 100 na kuliyoyin da suka haura shekara 12 suna da alamun zaizayewar gaɓa, sai dai kyanwa ba ta cika ɗingishi ba, daina tsalle kawai take yi, mu kuma mu ce ta natsu. Ki duba abin da bahaya ke nema daga gare ta: ta tsallaka bakin tire, ta juya, ta tsuguna a kan ƙugu da gwiwoyin da ke mata ciwo, ta daure a haka har ta gama. In abin yana mata zafi sai ta riƙa jinkirtawa, jinkirin ya busar da kashin, busasshen kashin ya ƙara zafin, gobe ta ƙara jinkirtawa. Wanda kika gani a bayan kujera ba rashin kunya ta yi miki ba. Ko dai ta nemi wurin da ba sai ta ɗaga ƙafa ba, ko ta fara ɗora laifin zafin a kan tiren.

Akwai wasu dalilan da likita zai duba, irin su gashin da take haɗiya wajen lasar jiki, ƙasusuwan da aka ba ta ta ci, tsohuwar karaya a ƙugu da ta matse hanya, ƙari a hanji, yawan kalsiyam a jini, ko wani maganin da take sha. Amma abin da ya sa na matsa miki kada a bari abin ya riƙa maimaituwa shi ne abin da likitoci ke kira megakolon. Babban hanji tsoka ce mai miƙewa ta koma. In kashi ya riƙa cika shi yana buɗa shi wata da watanni, sai ya zama kamar robar wando da ta saki, ya buɗe ya kasa komawa, ya kasa tura komai. A wasu kuliyoyin raunin daga tsokar kanta yake farawa ba tare da wani dalili na waje ba. Karo biyu cikin wata uku bai nuna an kai can ba, amma yanzu ne lokacin da tare hanya ke da amfani.

Sai magungunan da aka ba ki shawara a gida. Na san da kyakkyawar niyya aka faɗa, amma ki bar su duka. Man girki hanji na narkar da shi tun kafin ya isa inda kashin yake, don haka amfaninsa kaɗan ne. Man farafin na magani shi yana isa, amma ba shi da ɗanɗanon da zai sa kyanwa ta haɗiye shi yadda ya kamata, in aka ɗura mata yana iya zarcewa huhu ya haddasa ciwon da ke da wuyar warkewa. Ɗura wa kyanwar da ke amai kowane irin mai garin neman gira ne a rasa ido. Madara kuwa, yawancin manyan kuliyoyi ba sa iya narkar da sukarin da ke cikinta, shi ya sa take sa su gudawa. Gudawar ce mutane ke ɗauka magani, alhali ruwan da ya rage a jikin take ƙara kwashewa, toshewar kuma tana nan. Mafi haɗari duka shi ne maganin da mutane ke matsawa ta dubura mai sinadarin fosfet, irin su Fleet. Jikin kyanwa na tsotse shi, ya hargitsa gishirin jininta, kuma ya kashe kuliyoyi da dama. Magungunan wanke ciki masu magnesiyam ma ba su dace da mai raunin ƙoda ba. Tunda mun yi maganar ciwon gaɓa, in ƙara miki da wannan: kada tausayi ya sa ki ba ta farasitamol ko ibufurofen. Ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya kashe kyanwa.

A wurin likita, kada ki tsaya a "a fitar mata da shi". Ki faɗa masa wannan ne karo na biyu, ki faɗi ramar da yawan fitsarin da daina tsallen, ki ce kina son a nemi dalili. Zai lalubi cikinta, ya duba dasashinta da fatarta don ya ga yawan ruwan da ta rasa, ya auna nauyinta. Galibi sai an ƙara mata ruwa tukuna, ta jijiya ko ta ƙarƙashin fata, kafin a taɓa kashin, domin maganin sassauta ciki a busasshen jiki ba ya aiki yadda ake so. Daga nan sai ɗurin ruwan ɗumi ta dubura, in ya ƙi a sa ta barci a fitar. Gwaje-gwajen da suka fi amfani su ne na jini da na fitsari, awon hawan jini, sai hoton ciki da zai nuna girman hanjin da yanayin ƙugu da ƙashin baya. In aljihu ba zai ɗauki duka a zama ɗaya ba, ki faɗa masa kai tsaye, ki tambaye shi wanne ya fi gaggawa. Da ni ce, bayan an sauke mata nauyin cikin, jini da fitsari zan sa gaba, domin sakamakonsu ne zai nuna abincin da za ta ci da magungunan da ƙodarta za ta iya ɗauka.

In kun dawo gida, babban aikinki ruwa ne. Kyanwa na buƙatar kimanin mililita 50 a kowane kilo na nauyinta a rana, wato mai kilo 4 tana neman wajen mililita 200, har da wanda ke cikin abinci. Hanya mafi sauƙi ita ce mayar da ita kan jiƙaƙƙen abinci na gwangwani ko na leda, ki ƙara cokali ɗaya ko biyu na ruwan ɗumi ki dama. Sai dai kyanwar da ta shekara 14 a kan busasshe ba za ta sauya dare ɗaya ba, kuma kada ki yi mata horon yunwa don ta karɓa. Ki fara ajiye ɗan kaɗan kusa da wanda ta saba, ki ɗan ɗumama shi don ƙamshi ya tashi, ki riƙa ƙara wannan kina rage wancan cikin mako ɗaya ko biyu. In ta kafe, ki jiƙa busasshen da ruwa, amma kada ki bar jiƙaƙƙen ya wuni a kwano. Ki ajiye ruwa a wurare biyu ko uku, musamman kusa da inda take kwanciya, a faffaɗan kwano, nesa da tiren yashi, ki riƙa sauyawa kullum. Wasu kuliyoyin sun fi son ruwa mai gudana, akwai ƙaramar na'urar da ake sayarwa don haka. Ruwan dafaffen nama ma yana jawo su, muddin babu gishiri, babu albasa, babu tafarnuwa, domin biyun nan na ƙarshe guba ne ga jinin kyanwa. In gwaji ya nuna ƙoda ce, likita zai iya sa ta kan abincin masu ciwon ƙoda, ya kuma koya miki yadda ake sa ruwa a ƙarƙashin fata a gida. Jin sa ya fi yin sa ban tsoro, mutane da yawa sun koya.

Za ki ji ana cewa a ba ta kabewa ko garin siliyam, wato garin ɓawon ƙwayar wani tsiro. Akwai gaskiya a ciki, amma da sharaɗi. Waɗannan suna ɗauke da zaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, wanda ke riƙe ruwa ya tausasa kashi. Ƙaramin cokali ɗaya na dafaffiyar kabewa zalla a cikin abinci yana taimakon wasu kuliyoyin da matsalarsu ba ta yi nisa ba. Amma zaren yana ƙara wa kashi girma. A jikin da babu ruwa, ko a hanjin da ya riga ya saki, ƙarin kaya ne a kan wanda ya kasa ɗaukar na farko, kuma irin waɗannan kuliyoyin abinci mai saurin narkewa da barin ragowa kaɗan ya fi musu. Don haka ki bari sai likita ya ga hanjin kafin ki fara.

A nan zan ɗan wanke Yayarki, domin ba ta yi nisa da gaskiya ba. Magunguna biyu da likitocin dabbobi suka fi rubutawa don wannan matsalar asalinsu na mutane ne. Ɗaya shi ne laktulos, wani ruwa mai zaƙi da danƙo, wanda akan fara da wajen rabin mililita a kowane kilo sau biyu ko uku a rana. Kuliyoyi da yawa ba sa ƙaunarsa, za ki sha fama da dalala. Ɗayan gari ne mai suna PEG 3350, wanda aka fi sani da Miralax, ba shi da ɗanɗano, akan barbaɗa kashi ɗaya cikin takwas zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na ƙaramin cokali a jiƙaƙƙen abinci sau biyu a rana. Dukansu ruwa suke jawowa cikin hanji, shi ya sa ba a ba da su ga kyanwar da jikinta ya bushe ko wadda hanyarta ke toshe tam. Na faɗi awon ne don ki gane abin da likita ke nufi in ya rubuta, ba don ki fara yau ba. In hanjin ya yi rauni, akan ƙara da sisapraid, mai sa tsokar hanji motsi. An janye shi daga kasuwar magungunan mutane a ƙasashe da dama tun wajen 2000 saboda illarsa ga bugun zuciya, don haka ba ko'ina ake samunsa ba, sai likita ya sa an haɗa. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne daina magani da zarar kyanwa ta yi bahaya sau biyu. Wadda abin ya maimaita mata sau da yawa ci gaba take yi da shi, ana ragewa ana ƙarawa gwargwadon laushin kashin.

Tiren yashin ma yana son gyara, kuma wannan ba ya cin komai. Ki samo mai gajeren baki, ko ki yanke gefe ɗaya na wanda kike da shi ya sauko zuwa wajen santimita 5, yadda za ta shiga ba tare da tsallakawa ba. Tsawonsa ya kai tsawon jikinta da rabi, don ta juya ba tare da ta lanƙwashe ba. Yashin ya zama mai laushi, ki kwashe ƙazanta kullum, domin kyanwa ta gwammace ta riƙe da ta taka datti. Ki sa guda biyu, ɗaya kusa da makwancinta, in gidan bene ne kowane hawa da nasa, a wurin da yara ko wata dabba ba za su firgita ta ba. Ki riƙa taje mata gashi, musamman baya da cinyoyi inda ta daina kaiwa, ki duba ƙarƙashin jela ko gashi ya cukurkuɗe ya rufe hanya. Ɗan wasa na minti kaɗan da zare a ƙasa, ba na tsalle ba, yana motsa hanji, amma ki ɗauke zaren in kun gama kada ta haɗiye. Ciwon gaɓar kuma ki tambayi likita a kansa musamman. Akwai meloksikam, maganin rage zafi da kumburi, wanda ke buƙatar taka-tsantsan in ƙoda ba lafiya ko jiki ya bushe, akwai kuma allurar wata-wata mai suna Solensia a ƙasashen da ake samunta. Wasu magungunan kashe zafi masu ƙarfi su kansu suna ɗaure ciki, shi ma dalili ne na barin zaɓin a hannun likita.

Maigidanki kuwa, kada ki mayar da shi abokin gaba a wannan magana. Da ya ce tsufa ne, bai yi ƙarya ba, tsufan ne ya buɗe ƙofa. Inda na saɓa da shi, tsufa ba ya hana a yi wa ciwo magani. Ina kuma zargin abin da ke damunsa ba kyanwar ba ce, tsoron kashe kuɗin da ba a san ƙarshensa ba ne, kuma wannan damuwa ce ta mai hankali. Ki same shi lokacin da ransa ke sanyi, ba lokacin da kyanwar ke kuka ba. Ki nuna masa lissafin yadda yake: gwaji sau ɗaya da sauyin abinci da ɗan garin magani sun fi sauƙi a kan komawa asibiti duk bayan wata uku ana sa ta barci. Ku yanka iyakar abin da gidan zai iya, ki je wurin likita da wannan iyakar a hannu. In kina da abin hannunki, ki ce za ki ɗauki wani kaso. In da hali ku je tare, domin wani lokaci abin da miji ya ƙi ji daga bakin matarsa yakan karɓa daga bakin likita. Ki kuma roƙe shi, shi da Yaya da duk wanda ke gidan, kada kowa ya ba ta komai a bayan idonki. Mai son taimako a ɓoye shi ne ya fi ba ni tsoro a irin wannan hali.

Idan aka yi duk wannan abin ya ci gaba da dawowa, kuma hoto ya nuna hanjin ya saki, akwai tiyatar da ake yanke mafi yawan babban hanjin. Yawancin kuliyoyin da aka yi wa suna samun sauƙi sosai, ko da yake sukan yi makonni ko 'yan watanni suna bahaya mai ruwa-ruwa kafin ciki ya daidaita. Shekaru kaɗai ba sa hana a yi ta, lafiyar ƙoda da zuciya ake dubawa. In kuma gwaji ya nuna ƙodar ta yi nisa, ko akwai ƙari, to maganar za ta koma yadda za a sauƙaƙa mata sauran kwanakinta, kuma zaɓar hakan ba gazawa ba ce. Amma kada ki yi saurin kai zuciyarki can. Kuliyoyi da yawa masu ciwon ƙoda da aka gano da wuri suna ƙara shekaru cikin walwala.

Daga yau ki ajiye 'yar takarda kusa da tiren, ki riƙa rubuta ranar da ta yi bahaya, yawansa, da ko mai tauri ne ko mai laushi, ki kuma auna nauyinta sau ɗaya a wata. Abin da ake nema shi ne kashi mai siffa amma mai laushi, kullum ko kusan kullum. Da wannan takardar likita zai san ko a ƙara magani ko a rage. In ta kai kwana biyu ba ta yi ba duk da magani, ko amai ya dawo, ko ta yini guda ba ta ci ba, ko ta lafe ta ɓuya, ki kira shi, kada ki jira kwana na uku. Akwai kuma wata alama mai yaudara: wani lokaci za ki ga ɗan ruwa-ruwa mai majina, har da ɗigon jini, yana fita bayan ta yi yunƙuri, ki ɗauka gudawa ce ta kama ta. Sau da yawa ruwa ne ke zagaye busasshen kashin da ya tokare hanya. In kin ga haka, kada ki ba ta maganin tsayar da gudawa, kada kuma ki yanke hukuncin daina nata maganin da kanki, ki kai ta a lalubi cikin tukuna.